Wayar Jan Ƙarfe a Gurbin Fiyus

Shekara ashirin da biyu ta yi tana kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantar. Ɗalibai suna kiranta Inna Maganaɗisu, don duk allura ko ƙusar da ta ɓace a ɗakin, a hannunta ake samunta. Sabon malamin fiziks kuwa tun yana sa gajeren wando ta san shi. Ita ta riƙe masa hannu ranar da ya fara haɗa batir da ƙwan fitila. Da ya dawo da digirinsa, har kuka ta yi don murna.

Abin alfaharin ɗakin wata na'ura ce mai nuna yadda sauti ke tafiya. In ka yi fito a bakin makirufo, sai wani koren layi ya kama rawa a jikin gilashi. Ranar da masu duba makarantu za su zauna a darasinsa, na'urar ta ƙi kamawa. Inna ta buɗe bayanta, ta tarar fiyus ya ƙone, ta ce a haƙura sai an sayo wani. Malamin ya dubi agogo, ya yanko wayar jan ƙarfe mai kauri, ya hau naɗawa a gurbin.

"Malam," in ji ta, "kai ka koya musu cewa da gangan aka yi wayar fiyus siririya. In wuta ta yi yawa, ita ce ke zafi ta narke, na'ura ta tsira. Wannan taka ba za ta narke ba."

"Inna, minti arba'in ne kawai," ya ce yana dariya.

Ko rabinsu ba a yi ba ƙauri ya cika ɗakin, hayaƙi ya taso, koren layin ya mutu a gaban baƙi.

Shugaban makaranta ya kafa kwamiti. Inna ta shiga gaban kwamitin hankalinta kwance, har tana shirya yadda za ta roƙa wa malamin sassauci. Sai ta ji shi yana bayani a natse, cewa shirya kayan gwaji aikin mai kula da ɗaki ne, shi a haɗe ya tarar da na'urar, bai taɓa bayanta ba. Ya ƙara da cewa a yi mata uzuri, ido ne ya fara rauni. Duk wannan yana kallon teburi.

Ta faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. Aka tambaye ta shaida, ga shi su biyu ne a ɗakin lokacin. Aka karɓe makullanta, aka mayar da ita ɗakin ajiyar tsofaffin littattafai.

Bayan mako guda malamin ya same ta can tana kakkaɓe ƙura. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ba a tabbatar da shi a aiki ba tukuna, da ya amsa laifin da korarsa za a yi, ga matarsa da tsohon ciki. Ta saurare shi har ya gama.

"Da ka zo ka gaya mini haka tun farko, da ni da kaina na ce ni ce," in ji ta.

Ta ce ya ɗan matsa, yana tare mata haske, ta jawo wani kwalin ta ci gaba da aikinta.