Tutar Kaka Mahmudu

Hanaa na tsaye a kan angarib, gadon igiya, tana ƙoƙarin kwance igiyar tuta daga ƙusa, sai ga ubanta Almu ya faɗo zaure da lauje a hannu, ƙafafunsa fututu da ƙasar gonar riɗi.

"Ke! Sauko."

"Yaba, tsaya ka ji..."

"Na ce sauko. Wa ya aike ki?"

Ta sauko. Almu ya jingine laujen, ya miƙa hannu ya ƙara wa igiyar ƙulli, kamar mai ɗaure akuyar da ta saba tsinkewa.

Tutar baƙin saƙi ce, ta koɗe har ta fara komawa toka. A fuskarta an ɗinka kalmar shahada da farin zare, a ƙasa takubba biyu a gicciye. Kakansa Mahmudu ne ya naɗo ta a ƙugu daga Burmi, ranar da Nasara suka tarwatsa su da bindiga mai ruwa. Ya yi ta takowa gabas shekara huɗu, har ya tsaya nan bakin kogin Bahar Azrak, kusa da Abu Na'ama, ya sare daji, wurin ya zama Hillat Mahmudu. A bayan tutar an yi mata shafi da farin ƙyalle. Duk jaririn da aka haifa a zuriyar, ranar suna liman zai juya ta, ya rubuta sunansa da garin da shekarar. Duk namijin gidan da zai ba da shaida kuma, sai ya ɗora hannu a kanta. Dokar Mahmudu guda ce: wanda ya yi ƙarya hannunsa na kan tuta, ta bar gidansa, ta koma gidan ƙanensa. Shekara ɗari da ashirin, ba ta taɓa ƙaura don wannan dalili ba.

Yau kuwa Almu shaida zai bayar, bayan azahar, ta waya.

Ɗansa Nuraddeen ne ya ja masa. Da yaƙi ya ci kasuwar Madani har da raksha, keken haya mai ƙafa uku da yake ja, yaron ya bi ta Libiya, ya hau kwalekwalen roba, ya faɗa wata ƙasar Turawa mai sanyi wadda Almu bai taɓa wahalar da harshensa wajen koyon sunanta ba. Takardunsa teku ta sha. Turawan suka saurari bakinsa, suka ji Hausa, suka ce wannan ɗan Nijeriya ne, ƙaryar yaƙi yake yi. Nijeriya za su mayar da shi, ƙasar da ko ubansa bai taɓa takawa ba. Ya ɗaukaka ƙara, alƙaliyar ta yarda ta ji ta bakin uban. In ta gamsu, ya zauna. In ba ta gamsu ba, jirgi.

"Lauyansa ne ya ce a cire," in ji Hanaa. Ita ce mai karatu a gidan, ta yi makarantar jinya a Madani, waya kuma hannunta take. "Ya ce bango ya zama fili. Ba tuta, ba takobi, ba rawani. Kada ka ce jihadi. Kada ka ce hijira. Kada ka ce Nasara."

"To mi zan ce musu? 'Yan'uwana?"

"In an tambaye ka 'ya'ya nawa gare ka, ka faɗi na ɗakin Inna kawai."

"Goma sha bakwai gare ni. Sauran goma sha ɗayan in kai su kogi in zuba?"

Tun da hantsi Nuraddeen ya kira. Ya ce, "Yaba, mutanen nan a tsorace suke. Kullum a talabijin ƙirga mu ake yi. Nawa suka shigo bana, nawa suka haifa, saura shekara nawa mu fi su yawa. An yi zaɓe, masu cewa a kwashe mu suka ci. Makon jiya wani ya soki mutane da wuƙa yana kabbara, tun ranar ko a bas ba mai zama kusa da ni. In suka ga baƙar tuta da rubutun Larabci a bayanka, halas, tawa ta ƙare."

Almu ya tofar da yawu. Wannan waƙar ai ya san ta. Tun yana tsinkar auduga a Hasahisa masu gonakin hawasha ke rera musu ita, su da ake kira Fallata: Fallata na hayayyafa kamar tsuntsun jan-baki, wata rana za su cinye Jazira. Ga shi gemu ya yi fari, ko taki ɗaya na gonakin bai gada ba.

"In ƙarewa suke tsoro, su haihu mana," ya ce. "Wa ya riƙe musu ƙugu? Kai kuma, kakanka ya bar fatar ƙafarsa a hanya don kada Nasara ya mulke shi. Kai ka sha ruwan gishiri don ka je ka durƙusa masa."

Yaron ya ce, "Na ji, Yaba," ya kashe.

Suna cikin wannan jayayyar da Hanaa sai aka yi sallama. Adam ne, ɗan Bilyaminu ƙanen Almu, mutum mai shekara talatin da wani abu, wando a ɗangale, waya a kan sanda. Sana'arsa yanzu wa'azi ga mutanen da ba ya gani. Sau uku yana neman aron tutar ya rataye a bayansa, sau uku Almu na korar shi.

"Baffa, na ji wai za a sauke ta don wata tsohuwar kafira. Kada ka yarda. Bar ta inda take, su gan ta, cikinsu ya ɗuri ruwa. Wannan karon ba da takobi za mu ci Turai ba, da goyo za mu ci ta. Shekara hamsin, ladan ne zai hau majami'unsu."

"Ba kai ka ce taɓa ta shirka ne ba?"

"Rantsuwa da ita ne shirka. Nuna wa kafiri ita jihadi ne."

"Jihadi." Almu ya dube shi tun daga hula har idon sawu. "Ranar da masu bindiga suka shigo garin ga, ina aka tsamo ka? Ba cikin rumbun uwarka ba, dawa har cikin kunne? Goyon ma, ɗiya biyu gare ka cikin shekara goma. Da su za ka ci Turai? In an ɗora ɗana a jirgi, kai ka samu abin faɗi a waya. Fita min daga zaure."

"Wata rana gidanmu za ta zo, Baffa."

"Sai in ka ga gawata."

Abin da Hanaa ta kasa da roƙo, Adam ya yi shi da goyon baya. Yana fita, Almu ya hau angarib da kansa, ya kwance ƙullin da ya ƙara, ya ninke tutar, ya sa a akwatin ƙarfe ya tura ƙarƙashin gado. A bangon ta bar tabo mai kusurwa huɗu, wurin da rana ba ta taɓa gani ba. Ya yarda ya ajiye rawani ya sa hula. Da ta kawo almakashi don gemu, kallo ɗaya ya yi mata ta mayar.

Bayan azahar ta jingine wayar a kan tulun jabana na gahawa. Fuska uku suka fito. Ga alƙaliya, tsohuwa mai furfura da tabarau, ba ko ɗankwali. Ga tafinta, wani Bakano mai ƙiba. Can a kusurwa ga Nuraddeen cikin rigar sanyi, ya rame, wuyansa kamar na zalɓe. Shekara biyu rabon Almu da ganin fuskarsa. Ya kau da ido.

Aka fara. Sunan gari. Sunan kogi. Me ake nomawa. Nawa ne tafiya zuwa Sinja. Almu na ba da amsa kamar mai jifa da dutse. Tafintan kuma sai ya riƙa cewa, "Malam, maimaita, Hausar taka da nauyi."

"Tawa ce ta asali, ya zol. Taku ce ta lalace."

Hanaa ta taka masa ƙafa.

Alƙaliyar ta yi dogon bayani. Tafinta ya ce, "Ta ce duk wannan kowa na iya haddacewa. Bangon da ke bayanka ma, ta ce zai iya zama bangon kowane gari. Akwai takardar haihuwar yaron?"

"Tana asibitin da aka ƙone."

"Lambar ɗan ƙasa fa?"

"Sau biyu ina kai shi. Suka ce in kawo shaidar kakan kakana. A can ku ce mu 'yan Nijeriya ne, a nan su ce mu 'yan Nijeriya ne. Nijeriyar kuwa ko akuya ba ta san mu da ita ba."

Tafinta ya juya abin da ya ga dama. Matar ta cire tabarau, ta murza ido, ta fara haɗa takardun gabanta. Ko ba tafinta Almu ya san wannan. Haka dillali ke yi in ciniki ya watse. A kusurwa, Nuraddeen ya sunkuyar da kai, sai tsakar kansa ake gani, inda gashi ya fara zubewa irin na uban.

Almu ya miƙe. Hanaa ta riƙe masa gefen jallabiya, ya fizge. Ya jawo akwatin, ya ɗauko tutar, ya buɗe ta a hankali, baƙar fuskar manne da ƙirjinsa, farin bayan yana kallon waya.

"Ce mata ta mayar da tabarau."

Sunaye ne tun daga sama har ƙasa, layi bisa layi. Na farko tawadar allo ce, ta yi ja don tsufa. Na tsakiya alƙalamin ƙarfe. Na ƙasa biro. Hannun limamai shida. Hanaa ta ɗauki wayar ta matso da ita, ta bi da yatsa har ta tsaya: Nuraddeen ɗan Almu, Hillat Mahmudu, 1419. A samansa yayyensa, a ƙasansa ƙannensa, har da waɗanda ƙyanda ta ɗauke, an ja musu ɗan layi.

Alƙaliyar ta matso har hancinta ya cika wayar.

"Ta ce su nawa ne?"

"Ɗari biyu da goma sha huɗu."

"Ta ce duk daga mutum ɗaya?"

"Mutum ɗaya."

Matar ta furta wata kalma gajeriya, tafinta bai juya ba. Ta ɗauki biro ta yi rubutu mai tsawo. Nuraddeen ya ɗago kai. Sannan ta sake magana.

"Ta ce wannan ƙyallen mene ne asalinsa? Kuma me ke ɗaya gefen?"

A waje jaki na kuka. Hannayen Almu duka biyu na kan tutar, yana jin zaren takubban ta cikin riga, daidai kan haƙarƙarinsa. Ya dubi matar. Jikanyar waɗanda suka harbe mutane a Burmi, ga ta zaune tana jiran ya ba ta lissafin gidansa. Bakinsa ya cika da abin da zai faɗa mata, tun daga bindiga mai ruwa har kwalekwalen roba. Ya dubi kusurwa. Yaron bai roƙe shi da ido ba ma. Ya riga ya san ubansa.

"Zanen goyo ne," Almu ya ce. "Na kakata. Da shi ta goyi ɗiyanta a hanya. Wancan gefen ba komai, baƙin saƙi ne, ya ruɓe. In na juya shi yagewa zai yi."

Tafinta ya juya. Tsohuwar ta yi murmushi, ta ɗora hannu a ƙirji, ta ce wani abu mai taushi.

"Ta ce abin ya taɓa ta. Ta ce kada ka juya, a ɗauki hoton rubutun a aiko wa lauya yau. Ta dakatar da maganar jirgi har masana su duba."

Murmushin nan ya fi wa Almu zafi da a ce ta zage shi.

Wayar na mutuwa Hanaa ta yi guɗa, ta rufe baki, hawaye na zuba. Ta ɗauki hotuna, ta aika. Sannan ta jawo angarib ƙarƙashin ƙusa.

"Kawo in mayar, Yaba."

Almu na ninke tutar, gida huɗu, gida takwas, yadda ubansa ya koya masa. Bai ba ta ba. Ya ɗauki rawaninsa ya naɗa, ya zura takalmi.

"Ina za ka?"

"Gidan Bilyaminu."

Ta sha gabansa a bakin ƙofa. "Yaba, don Allah. Ba wanda ya ji. Ni kaɗai ce, ni kuwa wallahi ko Inna ba zan gaya wa ba. Ka san hannun wa za ta faɗa. Kafin magariba tana bayan Adam, duniya na kallo."

"Na sani."

"To don me? Wa ya ji?"

"Ni na ji. Matsa."

Ta matsa. Wayar ta hau ruri a hannunta, sunan Nuraddeen a kai. Ta miƙa masa. Almu ya dubi sunan, ya gyara tutar a hammata.

"Ki ce ina gona."

Ya fita cikin rana. A ƙarshen layin, ƙarƙashin bishiyar bedi, Adam na zaune a ƙofar gidan ubansa da sandar wayarsa. Da ya hango abin da ke hammatar baffansa, sai ya miƙe tsaye.