Fuskar Labbo a Takarda

Labbo ɗan fari ne, don haka tun da ya yi wayo bai taɓa jin mahaifiyarsa Inna Luba ta kira sunansa ba, balle ta dube shi ido cikin ido. "Wancan yaron" take cewa, ko da yana durƙushe a gabanta. Kowa ya san kunya ce, amma sanin bai hana abin ci masa rai ba. Ga shi yanzu zai bi ayari zuwa Makka a ƙasa, tafiyar da wani kan dawo da furfura, wani ko labarinsa ba ya dawowa.

Shi ya sa ya taka har Gusau wurin Mas'udu, mai zana wa masu awon hanyar jirgin ƙasa taswira, ya roƙe shi ya zana masa fuskarsa da fensir. Ya zauna ƙiƙam, ko ƙuda bai kora ba, har aka gama. A ganinsa, in Inna ba za ta dube shi ba, ai takarda ba ɗan fari ba ce.

Gaggawa ce ta cuce shi. Ya koma Bungudu ya tarar da gida cike da mata 'yan sallama, maimakon ya jira su watse, sai ya durƙusa ya ajiye takardar a gaban Inna. Matan duk suka zuba wa takardar ido.

Goggo Wasila, yayar mahaifinsa, wadda ko hayaƙin murhu sai ta ga laifinsa, ita ta fizge ta.

"Surar mutum cikin gidan malamai? Mala'iku ba su shiga inda wagga take. Luba, in sa ta wuta?"

Murhun kuwa na nan gefenta yana ci. Sai yanzu Labbo ya gane tarkon da ya jefa uwarsa: in ta hana, ta nuna son ɗan fari gaban dangin miji, in ta yi shiru, wuta ta ci. Tsoro ya kama shi, don ya fi zaton shirun.

Inna ta ci gaba da tsince wakenta. Goggo ta matsa da takardar kusa da wuta.

"Miƙo in gani, Yaya," in ji Inna.

Kallo ɗaya ta yi mata, ta taɓe baki.

"Wagga ba surar kowa ba ce, mai zanen bai iya ba. Wancan yaron na da tabo ƙarƙashin girar hagu, inda kaza ta sare shi yana rarrafe. Bar ta in riƙa naɗe allura."

Ta cusa takardar ƙarƙashin tabarmarta, ta zauna a kai.

Labbo ya kai yatsa girarsa. Tabon na nan, bai fi ƙwayar gero ba. Shi kansa bai san da shi ba.