Irin Geron Inna Ya Zama Gari

Jiya da dare wani mafarki na yi, har yanzu raina a ɓace yake.

Na gan ni a garinmu, amma ruwan sama daga ƙasa yake fitowa ya hau sama. Mutane duk sun daina aiki. Wasu 'yan aike na ƙarfe masu ƙwaƙwalwar na'ura ne ke yin komai. Ba su san galma ba, ba su san turmi ba, sai an liƙa wa kowane kayan aiki bayani sun karanta, sannan su ɗauka.

Na ce wa nawa ɗan aiken ya kai hatsi niƙa. Buhun dawa ya tafi gaisuwar mutuwa, sai ɗan aiken ya jawo tulun da ke ƙarƙashin gado. Irin gero ne a ciki, wanda Inna ta bar min, ita ma wajen uwarta ta samo. Gero ne mai gajeren kai, yana nuna ko damina ta yi rowa. Kowace kaka sai na zaɓi zangarniya mai kyau, na sussuka, na cuɗa da toka saboda ƙwari, na liƙe bakin tulun da laka. Duk garin ni kaɗai nake da shi. Shi ɗan aiken ya dawo min da shi gari a ƙwarya.

Na ce, "Kai ɗan banza, iri ka niƙa min?"

Ya ce, "Iya, a jikin injin an rubuta: yana niƙa hatsi. Gero kuwa hatsi ne."

"Ba ka ga toka ba? Ba ka ga laka a bakin tulu ba?"

"Na gani. Ba a rubuta su ba."

Na kai masa mari, hannuna ne ya ji zafi.

Sai ga ni a ofishin duba bayanai, ƙwaryar a kaina. Layin mutanen gurin da baya-baya yake tafiya, na ga zan ƙare a kasuwa, na ture mutane na shiga. Awaki ne ma'aikata. Shugabansu wani bunsuru mai tabarau, warinsa ya cika ɗakin. Yadda suke duba bayani shi ne su ɓanɓaro shi daga jikin kayan aiki su tauna. Wanda ya yi daɗin haɗiya ya ci jarrabawa.

Na dire ƙwaryar a kan teburinsa na ce, "Wane mara tsoron Allah ne ya amince da bayanin injin niƙa?"

Ya ce, "Ni ne, Baba. Shi ya zo na ɗaya. Gajere ne, babu kuskure, ya wuce maƙogwaro sumul."

"Kun gwada shi a ɗakin da ake ajiye iri?"

"Mu ba ma gwadawa. Ci muke yi."

"To ni ban yi boko ba, ɗauki alƙalami ka ƙara: ba a niƙa iri, kuma a tambayi mai hatsi tukuna."

Ya ce zai yi tsawo, zai tsaya musu a wuya. Na kama gemunsa na murɗe, awakin suka hau kan kujeru suna salati. Ya ce, "Na yarda! Za a ƙara. Kawo irin mu gani, mu san abin da za mu hana."

Na nuna ƙwaryar. "Ai shi ke nan."

Ya leƙa, ya lasa, ya gyara tabarau. "Baba, wannan gari ne. Ba wanda ya taɓa kawo ƙarar gari. Ki dawo da iri."

"Daga ina?"

"Ki shuka."

Sai ga ni a gona. Ɗan aiken yana gaba yana saran rami da sungumi, ina biye ina zuba gari ina takewa. Duk ramin da na take, ruwa ya fito ya ɗauke garin ya yi sama da shi, fari fat. Ban fasa ba. Ina zubawa ina zagin bunsuru har muryata ta dishe.

Inna ta biyo ta kan kunyar gona, da ƙuruciyarta, da zanenta na saƙi. Ta tsaya ta duba ramin, ta dube ni.

Ta ce, "Delu, abin da na ba ki ke nan?"

Na buɗe baki in ce ba ni ba ce, bayani ne, sai gari ya cika min baki. Ta gyara ɗaurin zanenta ta wuce.

Ƙarar taɓarya ce ta tashe ni. Lantana maƙwabciyata ce take daka. Ko ɗankwali ban ɗaura ba na fita na dafa katanga.

"Ke Lantana! Me kike dakawa?"

"Barkono ne, Iya Delu. Lafiya?"

"Ki sake dubawa dai."