Tukunyar da Aka Ware Mini

Na daina shan giya a damina ta biyu bayan samun ƴancin kai, ban kuwa faɗa wa kowa ba. A gidanmu na unguwar Bukoki ba a taɓa furta cewa ina sha ba, saboda haka babu ƙofar da zan bi in ce na bari. Matata Ramatu ta san warin tun da aka kawo ta daga Damagaram, amma ta yi kawaicin da har ni kaina nakan yi shakkar ko ta sani.

Na zaci ƙishirwar kwalba ce za ta wahalar da ni. A jami'ar Dakar na karanta littattafai masu kauri a kan ƙarfin zuciyar ɗan Adam, babu ko ɗaya da ya gargaɗe ni game da sukari. A biro, wato ofishinmu, nakan buɗe kwalin sukarin da aka ajiye don shayin darekta, in cika aljihu, in riƙa tsotsa ina rubuta rahoto a kan makomar ƙasa. Da la'asar nakan sayi madarar gwangwani a butiki, ɗan kantin unguwa, in huda ta da ƙusa, in shanye a bayan wata katanga. Idan na gama sai in tsaya ina kallon gwangwanin, ina tambayar kaina wane ne wannan mutumin.

Daga nan harshena ya farka. Na gano ruwan randa yana da ɗanɗanon ƙasa, goro kuma yana da wani zaƙi a can ƙarshensa. Abincin gidana ne kawai ya gagare ni. Loma ɗaya ta tuwo da miyar kuka, sai gishiri ya ɗaure mini baki, barkono ya bi ni har kunne. Wani lokaci in ɗauka cuta ce ta kama ni, wani lokaci in ɗauka Ramatu ce ta sauya hannu don ta hukunta ni a kan laifin da ban gano ba. Ban tambaye ta ba. Nakan rufe kwanon in tura shi bakin ƙofa, ita kuma ta ɗauka cike ta ratsa tsakar gidan haya, a gaban matan maƙwabta. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da suke gani ba.

Wata Lahadi da hantsi na dawo na tarar da akwatin Ramatu a ɗaure, Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, tana zaune a tabarma. Ashe matata ta riga ta sa an riƙa mata wuri a motar Damagaram ta washegari.

"Mushe Halidu, zauna a ƙasa, kujerar Nasara tana biro," in ji Gwaggo, tana kwaikwayon laƙabin Faransanci da ake kirana da shi a wurin aiki. "An ce ka ƙoshi. Wa ke ƙosar da kai?"

"Babu kowa, Gwaggo."

"Babu kowa? Tururuwa sun kafa gari a aljihun kwat ɗinka. Ƙato da kai kana yawo da sukari kamar wanda aka yaye jiya!"

Ramatu ta yi magana daga bakin ƙofa, idonta a ƙasa. "Gwaggo, in hannuna ne ya gundure shi, ya faɗa in san inda na dosa. Matar Sanusi direba kullum sai ta tambaye ni ko da saura, ta kai wa awakinta."

Gwaggo ta ce a kawo kwanon da na bari da safe. Ta dangwali miyar ta kai baki, sai tari ya sarƙe ta, hawaye na zuba, tana laluben moɗa.

"Ƴar nan, kashe mini ɗa za ki yi?"

"Tasa ce, Gwaggo. Haka yake so." Ramatu ta ce tun zuwanta kullum ina ƙorafin miya ba ta ji gishiri ba, ba ta da yaji, har ta koma ɗibar mini a ƙaramar tukunya tana ƙarawa, shekara kan shekara. "Ni ko ɗanɗana ta ba na iya yi."

Na nemi wannan ƙorafin a cikin kaina, ban same shi ba. Amma na san ba ƙarya take yi ba.

Gwaggo ta daɗe tana kallona, ta dubi idanuna, ta dubi hannuwana. "Idonka ya yi fari kwanan nan," ta ce a hankali. "Allah ya ƙara." Ramatu ta ɗago kai a karon farko.

"Zubo masa ta babbar tukunya," Gwaggo ta ce mata.

Na ci. Na ji daddawa, na ji man shanu, na ji hayaƙin busasshen kifin kogi, da wani abu mai ɗan tsami da ban san sunansa ba. Wannan ce miyar da matata ke ci tun ranar da aka kawo ta, a gefen tawa, ban taɓa saninta ba. Na rasa ko daɗi nake ji ko kunya, amma hannuna bai tsaya ba sai da ya taɓa ƙasan kwano.

"Gishirin ya ji?" Ramatu ta tambaya.

"Ban sani ba," na ce, kuma iyakar gaskiyata ke nan.

"Har Dakar aka kai ka karatu, ba ka san gishiri ba," in ji Gwaggo, tana neman takalminta.

Ramatu ta raka ta zaure. Daga inda nake zaune na ji tana cewa, "In kin bi ta tasha, ki ce wa mai motar ya ba wani wurin."

"Akwatin fa?"

"A bar shi a ɗaure tukuna."