Gizagon Baban Rifkatu

Rifkatu ta sauka a Wudil ana hantsi, ta bar motar Bauchi ta wuce ba ita. Direban ya dube ta kamar wadda ta zautu, don ta biya har ƙarshen tafiya. A cikin jakarta akwai tsohon gizagon babanta, naɗe cikin zani.

Babanta, Zakka, masassaƙi ne a can wajen Bogoro. Turmi, taɓarya, akushi, kujerar mata, duk ya sassaƙa, da su kuma ya biya mata makaranta har ta zama ma'aikaciya a ɗakin karatun wata jami'a a Kano. Wata huɗu da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka gaya mata a waya ta yi kuka, ta share hawaye, ta ce a gode wa Ubangiji tunda hannun dama yana nan. Tun daga ranar ta ƙudurta cewa sai ya koma aikinsa, domin ta san zaman banza zai kashe shi kafin ciwon. Rifkatu kuwa irin mutanen nan ce da in sun tsara abu a kansu, sun gama, saura kowa ya bi layi. Dabararta ita ce ta saya masa gizago marar nauyi, wanda hannu ɗaya zai iya da shi. Ta sa aka aiko mata da tsohon gizagon a motar haya don a gwada.

Wani abokin aikinta, Wali, mutumin Indabo, shi ya kwatanta mata shagon Malam Maikano a bayan kasuwa. Ya ce a nan masassaƙan ƙasar gaba ɗaya suke sayen kayan aiki.

Shagon ƙarami ne, amma babu inda za ka sa ƙafa. Gatura jingine a bango, zartuna a rataye, kurfi manya da ƙanana jere a kan buhu, ga ƙotoci a kusurwa an tara su kamar itacen girki. Malam Maikano na zaune a bakin ƙofa yana wasa wani ƙarfe a kan dutse. Dattijo ne marar gaggawa. Sai da ya tambaye ta hanya, da gajiya, da mutan Kano, da mutan gida, sannan ya yarda aka zo kan abin da ya kawo ta.

Ta yi masa bayani dalla-dalla, yadda take yi wa sababbin ɗalibai. Ta kwance zanin ta miƙa masa.

Ya karɓa ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya duba bakin ƙarfen, ya shafa ƙotar daga sama har ƙasa. Ta yi baƙi, ta yi santsi saboda gumin shekaru.

"Wannan ya ga aiki," in ji shi. "Malama, wane ɓarin kika ce ya shanye?"

"Na hagu, Malam. Na daman lafiyarsa ƙalau."

Ya sake juya gizagon, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙo mata.

"Riƙe da hannun dama, kamar za ki sara."

Ta riƙe. Ƙotar ta ƙi zama, wani ɗan tudu yana tokare mata tafin hannu.

"To mayar hagu."

Ta mayar. Babban yatsanta ya faɗa cikin wani ɗan lotso da ba ta lura da shi ba, sauran yatsun kowanne ya sami mazauninsa.

"Kin ga wannan lotson, yatsa ne ya ci shi, ba wuƙa ba," in ji Malam Maikano. "Dubi bakin ƙarfen ma, ta wannan gefen ya fi cinyewa. Mai gizagon nan bahago ne."

Ta yi 'yar dariya, irin ta wanda ya kama babba da kuskure. Ta ce babanta da dama yake cin abinci, da dama yake gaisawa, da dama yake sa hannu a takarda.

"Ai dole," ya ce. "Mu ma nan haka ne. Yaro ya miƙa hagu cikin kwano a buge hannun, har ya daina. Amma wa zai bi shi gindin bishiya ya ga da wanne yake sara?"

Ta so ta yi musu. Ta tuna ƙarar sara a bayan gida tun da asuba, ta tuna ɓawon itace a tsakar gida, ta tuna an aike ta da ruwa ta ajiye ta juyo da gudu, don littafi na jiranta. Hannun da ke riƙe da gizagon ne kawai ta kasa tunawa. Shekara talatin da shida, ba ta taɓa tsayawa ta kalla ba. Kunya ta kama ta, ta kuwa ji ta sosai.

"Ba zai iya koya da dama ba?" ta tambaya.

"Shekararsa nawa?"

"Saba'in da ɗaya."

"In kin ce in sayar miki, zan sayar miki. Amma turmi tsakanin ƙafafu ake riƙe shi. Hannun da bai saba ba, ƙafar zai samu." Ya koma kan washinsa.

Ta fito ta tsaya a inuwar rumfar wani mai rake. Motocin shanu suna ta wucewa ta wajen gada. Ta kira lambar mamarta, ta ce a kai wa Baba wayar. Suka gaisa, muryarsa tana ɗan ja kamar yadda take yi tun ciwon.

"Baba, da wane hannu kake sassaƙa?"



"Wa ya gaya miki?" ya ce. "Ni na hana mamarki ta faɗa miki. Na ga hankalinki ya kwanta, na ce a bar ki haka."