Waƙa Ta Huɗu

Mardiya 'yar garin Tawa ce. Shekara shida ke nan tana aiki a wata masana'antar buga faifan waƙoƙi a garin Vénissieux, tafiyar 'yan sa'o'i daga Paris, kuma aikinta sauraro ne: kafin a buga dubbai, sai ta ji faifan gwaji ta sa hannu.

Ran nan aka kawo mata sabon faifan wasu tsofaffin mawaƙan Ingila masu jita da ganga, na goma sha biyar a tarihinsu. Ta saurara sau uku. A waƙa ta huɗu, duk inda babbar ganga ta sauka, sai sautin ya ɗan tsage kamar an yaga ƙyalle.

"Ba zan sa hannu ba," ta ce wa Pascal, shugaban sashensu.

"Mardiya, jibi za a fara bugawa. Mutanen nan sun haura saba'in, ba za su ji ba."

"Masu saye za su ji. Ni ma na ji."

Pascal ya san halinta, in ta kafe ta kafe. Ya buga waya Paris, inda mawaƙan suke shirin wasa, aka ce ta zo da kanta.

Washegari da safe ta hau jirgin ƙasa, faifan a cinyarta. Yayanta Salihu, wanda ke zaune a Sevran, a bayan garin Paris, ya tarye ta a tasha.

"Ke yanzu Turawa za ki koya wa kiɗansu?" ya ce yana dariya.

"Kiɗan nasu ne, Yaya. Kunnen nawa ne."

A ɗakin ɗaukar sauti ta iske jagoran mawaƙan, wani dogon tsoho mai na'urar ji a kunne. Aka sa waƙar, ya saurara, ya girgiza kai.

"Ban ji komai ba. Shekara hamsin a gaban lasifika ta cinye min kunne."

Mardiya ba ta yi musu ba. Ta nemi izni, ta ɗora tafin hannunsa a jikin lasifikar, ta sa waƙa ta uku. Gangar na bugun hannunsa daidai, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta sa ta huɗu. Tsohon ya zaro ido, don ya ji bugun yana karkarwa a yatsunsa.

Sai ya ce makaɗin gangarsu ya rasu bara, wannan ce waƙa ta ƙarshe da ya buga musu.

"A sake yin faifan," ya ce. "Ko zai ɗauki wata guda. Kuma ita za ta saurara."

Mako uku aka yi. Da sabon gwajin ya iso Vénissieux, Mardiya ta rufe ƙofa, ta ji shi daga farko har ƙarshe, gangar tana sauka tas. Ta ɗauki biro ta sa hannu, ta miƙa wa Pascal, ta tafi sallar azahar.