Tarkon Kaka

Yaron bai ko yi tunani ba. Jikar Kaka na fito da sarauniya a motsi na biyu, sai ya ɗauki doki ya ajiye, ya danna agogo.

Kaka yana bayan igiyar 'yan kallo. Wasan ƙarshe ne na gasar darar ces ta yara, kuma wanda ya ci shi kaɗai za a ɗauka a tawagar ƙasa.

Wannan salon buɗe wasa na Kaka ne. A gadon asibiti ya ƙirƙiro shi, shekarar da tirelarsa ta kife, likitoci suka ce ba zai tashi ba, ya kuwa tashi ya binne biyu daga cikinsu. Shekara arba'in yana kayar da direbobi da shi a tasha. Malamar yarinyar ta sha roƙonsa ya bar ta ta fara fito da dawakai. Ya ce shi bai taɓa zama a aji ba, amma masu tabarau nawa suka tashi daga gabansa suna susar ƙeya?

Yanzu ga ɗan yaro yana korar sarauniyar daga gida zuwa gida, kowane motsi kamar an raɗa masa.

Kaka ya matsa kusa da malamar, ya tambaya ƙasa-ƙasa ko wani ya tsegunta wa yaron ne. Ta nuna masa bango da haɓa. Takardu ne jere, irin waɗanda yara ke rubutu a kai bayan kowane motsi. Tun shekaranjiya yake wuce su, ya ɗauka sunaye ne.

"Wasanninta biyar ke nan, Baba. Duk wanda ya iya karatu ya ga yadda take farawa."

A tasha, in wasa ya ƙare, kwashe shi ake a zuba a gwangwani.

A motsi na goma sha ɗaya sarauniyar ta faɗi. Yarinyar ta ƙara awa guda tana karewa, gumi na ɗiga a takardarta, sannan ta kwantar da sarkinta alamar ta sallama, ta miƙa wa yaron hannu.

Ta zo ba hawaye, ta kama hannun rigarsa.

"Angona, sun gane wannan. Gobe ka koya mini wani."

Kaka ya gyara hula, ya ce ai suna nan birjik. Har suka kai bakin titi yana lalube a ransa, bai samo na biyu ba.